Na yi wa Kawu alƙawarin sati biyu, manhajar ta ƙi tashi a Windows

Assalamu alaikum Yaya. Ni saurayi ne ɗan shekara 26, a Makka aka haife ni, muna zaune wajen Shara Mansur. Ina aiki a ƙaramin kamfanin kawuna, ƙanin mahaifiyata, muna kula da kwamfutoci da intanet na wasu ƙananan otal-otal na alhazai a Aziziyya da Misfala. Bara na rubuta wata 'yar manhaja da Python wadda take sa ido a kan sabobinmu na Linux, in memori ya cika ko diski ya kusa ƙarewa ko na'ura ta ɗau zafi sai ta turo min saƙo a waya. Kawu ya gani ya ji daɗi, sai ya je ya ce wa mudir ɗin wani otal, wato manajansa, za mu saka musu ita a duk na'urorinsu kafin azumi, da kwamfutocin risefshan masu Windows, da rautarsu, na'urar raba intanet, mai manhajar pfSense, har da MacBook ɗin shi mudir ɗin. A gaban mutumin ya tambaye ni kwana nawa za ta ɗauka, kunya ta sa na ce sati biyu. Yau kwana 10 ke nan, a Windows ko tashi ba ta yi, kullum kukanta wai ba ta ga /proc ba, wurin da Linux ke zuba bayanan halin da na'ura ke ciki. Ba na iya barci. Kawu ne ya biya min kuɗin kwas, ba na son in ba shi kunya. In faɗa masa gaskiya ne ko in ci gaba da fama a ɓoye ko Allah zai sa in dace?

Ƙaninka daga Makka

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka faɗa masa, kuma a cikin kwana biyun nan, kar ka bari sai ranar da wa'adi ya cika. Amma kar ka je masa hannu rabbana, akwai abin da za ka iya haɗawa a daren yau da na gobe wanda zai sa zancen ya yi sauƙi, shi ya sa zan fara da aikin kansa tukun sannan mu dawo kan Kawu.

Da farko dai ka cire wa ranka cewa rashin iyawarka ne. Ka san htop ai, abin nan mai nuna me ke cin ƙarfin na'ura, wanda kowa ke buɗewa in saba ta fara nauyi. Hisham Muhammad ɗan ƙasar Burazil ya fito da shi a 2004, kuma sai a 2016, a siga ta 2.0, ya fara aiki a FreeBSD da OpenBSD da Mac. Kafin nan ɗan Linux ne zalla, saboda irin dalilinka sak, daga /proc yake karanto komai. To kai da ka ce sati biyu kuma ka haɗa har da Windows wanda shi htop ɗin ma bai shiga ba, kaga ai ba ƙaramin kaya ka ɗauko ba.

Abin da ya sa irin wannan manhaja ta fi sauran wahalar ƙaura shi ne ita aikinta gaba ɗaya tambayar babbar manhajar kwamfuta ne, yaya jikinki, me ya rage miki, wa ke cinye miki ƙarfi. Manhajar lissafin kuɗi ko ta rijistar baƙi ba ruwanta da wannan, in Python na nan za ta tashi ko'ina. Taka kuwa kowace na'ura da ƙofar da ake bi a tambaye ta. Linux ya sauƙaƙa wa mutane, ya zuba komai kamar fayil, ka buɗe /proc/stat ka ga lokacin firosesa, ka buɗe /proc/meminfo ka ga memori, /proc/net/dev na netwok, zafi kuma yana ƙarƙashin /sys/class/hwmon. Windows ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, shi sai dai ka kira ayyukansa irin GetSystemTimes da GlobalMemoryStatusEx, ko ka bi ta ma'aunansa na PDH, ko ta WMI. Mac ma ba shi da /proc, sai sysctl da host_statistics64 da libproc. FreeBSD, wanda shi ne a ƙarƙashin pfSense ɗin nan da kake magana, yana da wani irin /proc nasa mai suna procfs amma ba a kunna shi kai tsaye kuma tsarinsa daban ne da na Linux, mutanensa ta sysctl suke bi, misali kern.cp_time. Saboda haka ɓangaren da ke tattaro lambobi ba gyara shi za ka yi ba, sabo za a rubuta wa kowane tsari. Wanda zai yi ƙaura lafiya lau shi ne ɓangaren da ke yanke hukunci ya ce wannan ya wuce iyaka, da wanda ke turo maka saƙo a waya.

Ina kyautata zaton a kod ɗinka duk ukun a cakuɗe suke wuri guda, ka buɗe fayil, ka yi lissafi, ka tura saƙo, duk a cikin aiki ɗaya, haka kowa ke rubuta abin da ya yi don kansa. Aikin daren yau shi ne ka raba su. Ka ware wuri ɗaya da zai riƙa amsa tambayoyi huɗu ko biyar kawai, nawa firosesa ke aiki, nawa memori ya rage, nawa diski ya rage, nawa ke shiga da fita ta netwok, tun yaushe na'urar ke kunne, sauran manhajar kuma kar ta san daga ina amsar ta fito.

Kuma tunda da Python ka rubuta, wallahi ka taki sa'a, don wani ya riga ya sha maka wannan wahalar. Akwai laburaren psutil na Giampaolo Rodola, ya fi shekara goma sha biyar ana aiki a kansa, yana tafiya a Linux da Windows da Mac da FreeBSD da OpenBSD da NetBSD har da Solaris da AIX, lasisinsa kuma na BSD ne, wato ba wanda zai hana ka saka shi a abin da za ku sayar wa otal. In ka leƙa cikinsa za ka ga irin rabon da na ce maka ne, fayil guda na Linux, guda na Windows, guda na Mac, guda na dangin BSD, sannan fuska ɗaya a sama da kowa ke kira. Ka cire duk inda ka buɗe /proc da hannunka ka sa cpu_percent da virtual_memory da disk_usage da net_io_counters. Wannan kaɗai zai sa ta tashi a Windows kafin asuba in sha Allahu. Na san akwai wani abu a zuciyar matashi da ke cewa in na yi amfani da na wani ai ba ni na yi ba, ka bar wannan tunanin, mudir ba ruwansa da wa ya rubuta layin da ke tambayar memori, shi dai kar kwamfutar risefshan ta tsaya ana tsaka da karɓar motoci uku na masu Umara.

To amma fa tashinta ba shi ne ƙarshen magana ba, nan ma ne ainihin mushkilar take, kuma nan ne nake son ka nutsu. Lambobin da za su fito sunansu ɗaya amma ma'anarsu ba ɗaya ba ce, kamar dai mudu ne, na wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba, in ka tafi da farashin can ka yi awo a nan sai ka yi asara kana ganin daidai kake.

Ɗauki load average, wanda na tabbata ka saka masa iyaka a manhajarka. A Linux wannan lamba tana ƙirga ayyukan da ke jiran firosesa har da waɗanda suka maƙale suna jiran diski, haka aka mayar da ita tun 1993. A FreeBSD masu jiran firosesa kawai ake ƙirgawa. Windows kuwa ba shi da wannan abu sam, psutil ƙirƙiro maka kwatankwacinsa yake yi daga tsawon layin masu jira, kuma in ka kira shi da farko sifili zai ba ka sai ya ɗan jima yana tarawa. Kaga ke nan iyakar da ka gwada ta yi maka daidai a sabar Linux, in ka ɗora ta a kan Windows ko dai ta yi shiru lokacin da ya kamata ta yi ihu, ko ta dame ka da ƙarya. Haka ma'aunan lokacin firosesa na iowait da steal da kake gani a /proc/stat, babu su a Windows, kar ka cike gurbinsu da sifili don allon ya yi kyau, ka rubuta babu kawai. Sifili yana nufin an auna an ga ba komai, babu kuma yana nufin ba a iya aunawa ba, in ka haɗa su wata rana za ka kalli allo ka ga komai lafiya alhali ba abin da ake aunawa.

Memori ya fi kowanne rikitarwa. A Linux ka san lambar MemFree yaudara ce tunda kanel, wato zuciyar tsarin, yana cika memorin da ba a amfani da shi da ajiyar fayiloli, shi ya sa aka ƙara MemAvailable a kanel 3.14 a shekarar 2014. Mac kuma tun Mavericks na 2013 matse memori yake yi, kuma da gangan yake cinye kusan duk abin da ya samu, saboda haka in ka sa gargaɗi a kashi 90 cikin 100 MacBook ɗin mudir kullum sai ya yi ƙara alhali lafiyarsa ƙalau, su abin da suke dubawa shi ne matsin memori ba yawan abin da ya rage ba. In kuma da hannu ka yi lissafin ka ninka da 4096 a matsayin girman shafin memori, to sabbin Mac masu M1 zuwa sama, waɗanda suka fara fitowa a 2020, shafinsu kilobait 16 ne, lissafinka zai fito kashi ɗaya cikin huɗu na gaskiya. A FreeBSD mai tsarin ajiyar fayiloli na ZFS akwai ajiyar ARC wadda ke shiga lissafin memorin da aka riƙe, sai ka ga kamar ya cika, alhali in an buƙata za ta saki. A Windows kuwa abin da ya fi nuna cewa na'ura ta kusa durƙushewa shi ne yawan memorin da aka yi wa manhajoji alƙawari idan aka gwada da iyakar da RAM da pagefile, fayil ɗin diski da ke tallafa wa memori, suka bayar tare.

Akwai kuma wani tarko in ka ce za ka kira GetSystemTimes da kanka, lokacin kanel da yake ba ka ya haɗa har da lokacin zaman banza a ciki, in ba ka cire ba za ka ga firosesa kullum a kashi 100. Sannan ka shirya wa wannan, Kawu ko mudir ɗaya daga cikinsu zai buɗe Task Manager ya jera da allonka ya ce ya naka ya ce 30 wannan ya ce 45. Tun Windows 8 Task Manager ya zo da nasa lissafin da ke la'akari da gudun da firosesa ke yi a lokacin, sannan tazarar daƙiƙun da kuke aunawa ba lallai ta zo ɗaya ba. Ka faɗa musu wannan tun kafin su gano da kansu, in kai ka fara faɗa ilimi ne, in su suka fara ganowa sai ya zama kamar kare kai kake yi.

Zafin na'ura kam gaskiya ka cire shi daga alƙawarin Windows da Mac a yanzu. psutil ɗin ma a Linux da FreeBSD kawai yake ba da zafi. A Windows akwai wata hanya ta WMI mai suna MSAcpi_ThermalZoneTemperature, tana buƙatar izinin admin, lambar tana zuwa a ma'aunin Kelvin an ninka da goma, kuma kwamfutoci da yawa ba sa amsa ta, wasu kuma lamba ɗaya suke maimaitawa safe da yamma. Manhajojin da kake gani suna nuna zafi daidai direba suke sakawa can cikin kanel, irin direbobin da Defender, antibairos ɗin Windows, ya sha kamawa. Na san zafin Makka ba wasa ba ne kuma wasu otal ɗin ɗakin sabarsu wani lungu ne a ƙarƙashin bene da esi ɗaya tal, amma maganin wannan ƙaramin ma'aunin zafi ne na ɗaki mai haɗuwa da netwok, ba tono cikin kwamfutar risefshan ba.

Yanzu ga abin da ya shafe mu mu da ke ƙasar nan musamman. Kar ka kuskura ka bi hanyar kiran umarni irin su wmic ko systeminfo ko netstat kana yanko lambobi daga rubutun da suka fito. Shi wmic ma Microsoft ta riga ta sanar da ajiye shi, a sabbin Windows 11 ba lallai ka same shi ba. Kuma rubutun da umarni ke fitarwa yana bin harshe da yankin da aka saita kwamfutar, a otal ɗaya za ka tarar da wata an saita ta da Larabci, wata da Turanci, wata ma'aikaci ya mayar da ita yadda ya ga dama. Windows na Larabci yana da tsoffin tsarin haruffansa, 1256 da 720, in ka karanta su a matsayin UTF-8 sai sunan kwamfuta ko sunan diski ya dawo tarkace ko manhajar ta faɗi gaba ɗaya. Kwanan wata kuma in yankin Saudiyya aka zaɓa yana iya fito maka da kalandar Ummul Ƙura, ka ga shekara 1440 da wani abu inda kake jiran 2000 da wani abu, lissafinka na tun yaushe na'ura ke kunne ya zama shirme. Ka riƙa ajiye lokaci a UTC a matsayin lamba, sai wajen nunawa ka ƙara awa 3 ɗinmu. In wata rana ka shiga PDH kai tsaye, sunayen ma'aunan ma ana fassara su a wasu harsuna kamar Faransanci da Jamusanci, don haka PdhAddEnglishCounter za ka kira tun farko ka huta.

Abin da zai ci maka lokaci fiye da duk waɗannan, kuma shi ne mutane ba sa sakawa a lissafi in suna yanka wa'adi, shi ne yadda manhajar za ta zauna a na'urar mutane. A Linux fayil ɗaya na systemd, mai tayar da manhajoji in an kunna na'ura, ka rubuta shikenan. A Windows dole ta zama sabis, wato abin da ke gudana a bayan fage, da zai tashi ko ba wanda ya shiga, kuma in ba ta amsa wa mai kula da sabis cikin daƙiƙa 30 ba zai jefo maka kuskure mai lamba 1053, za ka gan shi, kowa sai ya gan shi. Ko ka bi ta pywin32 ko ka naɗe ta da WinSW ko NSSM. Kwamfutocin risefshan ba su da Python kuma bai kamata ka je kana saka musu ba, sai ka dunƙule ta da PyInstaller ta zama exe ɗaya, to a nan kuma antibairos zai iya cafke ta, don manhajar da ba ta da sa hannu, tana leƙa duk abin da ke gudana, tana aika bayani waje, ai kamanninta ɗaya da ɓarauniya. Magani na dindindin shi ne takardar sa hannun manhaja wadda ake saya duk shekara, na wucin gadi kuma a saka ta cikin waɗanda aka yafe wa bincike, da sanin otal ɗin a rubuce. Kuma ka je ka duba wace Windows ce a kansu kafin komai, kar ka ɗauka. Windows 7 tallafinta ya ƙare tun Janairun 2020 amma har yanzu ana samunta a bayan kanta saboda wata tsohuwar manhajar makullin ɗaki ko firinta, kuma Python 3.8 ne na ƙarshe da ke tafiya a kanta. In ka gina da sabon Python ka kai can ko buɗewa ba za ta yi ba. Windows 10 ma tallafinta ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, wannan ma wata magana ce da ya kamata Kawu ya yi da mudir, ƙila ma ta fi manhajarka kawo muku kuɗi.

Rauta kuwa, dan Allah kar ka saka kod ɗinka a ciki. In kwamfutar risefshan ɗaya ta sami matsala akwai ta kusa da ita, in pfSense ta faɗi duk otal ɗin ne ba intanet, alhazai ɗari da wani abu ba mai iya kiran gida, na'urar karɓar kuɗi ta tsaya, kuma kai za a nema. Ita pfSense tana da SNMP a cikinta, hanyar tambayar lafiyar na'ura ta netwok, kunnawa kawai za ka yi ka taƙaita ta ga adireshin sabarka, sai manhajarka ta riƙa tambayarta daga nesa. Tana kuma da fakitin Zabbix da na Telegraf, manhajojin sa ido da aka riga aka gina, a ma'ajiyarta in kana so. Abu ɗaya da za ka kiyaye, ka yi amfani da ma'aunan netwok masu bit 64, irin ifHCInOctets, don tsoffin masu bit 32 suna cika su koma sifili a wajen gigabait 4, a layin gigabit da ke cike wannan bai fi daƙiƙa 34 ba, sai ka ga jadawalinka yana tsalle-tsalle kamar an yi masa asiri. Wannan aikin yini ɗaya ne ko biyu, kuma ka cika alƙawarin rauta ba tare da ka taɓa cikinta ba.

MacBook ɗin mudir shi ne na ƙarshe, in ma za a yi. Ka tambayi kanka me za a sa wa ido a kai? Laftof ce, zai rufe ta ya tafi sallar azahar a Harami, manhajarka ta ga shiru ta turo maka cewa na'ura ta mutu. Sannan Apple tun macOS Catalina na 2019 sai an kai musu manhaja sun tantance kafin Gatekeeper, mai gadin Mac, ya bar ta ta buɗe cikin sauƙi, wannan kuma sai da rijistar masu gina manhaja ta dala 99 a shekara, kusan riyal 370 ke nan, ga launchd mai tayar da sabis a Mac da nasa tsarin, ga diskin APFS da ɓangarorinsa ke raba wuri ɗaya har lissafin abin da ya rage ya rikice. Kuma ba za ka gwada a kan na'urar da mutum ke aikinsa da ita ba, sai kun nemi tsohon Mac mini a kasuwar gwanjo ta Haraj ko ku yi amfani da injinan gwaji na GitHub Actions, waɗanda ke da Linux da Windows da Mac. Ni a ganina mudir ba sa ido a kan laftof ɗinsa yake so ba, so yake ya buɗe laftof ɗin ya ga lafiyar sauran na'urorin otal ɗinsa. In haka ne shafi ɗaya a burauza ya wadatar, ba abin da za a saka masa. Ku tambaye shi, tambaya ɗaya za ta iya sauke maka kashi ɗaya cikin uku na kayan.

Wata magana da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa. Waɗannan kwamfutocin risefshan cike suke da hotunan fasfo da bayanan baƙin Allah, kuma manhajarka da babban izini za ta zauna a kansu. Ka tsara ta yadda ita ce za ta riƙa aika lambobi waje ta HTTPS, kar ta buɗe wata ƙofa tana jiran umarni, kuma kar ka saka mata hanyar da za a ce mata daga nesa gudanar da kaza, komai daɗin da hakan zai yi maka ranar da kake kwance a gida. A 2020 ta manhajar sa ido ta SolarWinds Orion aka bi aka shiga hukumomin gwamnatin Amurka, wajen abokan ciniki 18,000 ne suka sauke sabuntawar da aka gurɓata, kuma wannan babban kamfani ne mai ma'aikatan tsaro. Sannan in mudir ya ga abin yana aiki, kar ka yi mamaki in ya ce a ƙara masa ya riƙa ganin allon ma'aikata ko shafukan da suke buɗewa. Wannan wani aiki ne daban, ba duba lafiyar na'ura ba ne, ƙasar nan tana da dokar laifukan intanet tun 2007 da dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki a Satumban 2023, kar a yi amfani da kunyarka a sa ka gina abin da in ya ɓaci sunanka ne a kai. Ka ce wannan sai an yi magana da Kawu da wanda ya san doka.

Za ka iya cewa to me ya sa ba za a saka Zabbix ko Prometheus da windows_exporter kawai a huta ba. Tambaya ce mai kyau, kuma in otal ɗin da kuke kula da su suka kai goma sha wani abu can za ku koma ko kun so ko kun ƙi, don Zabbix tun 2001 ya fito kuma wakilinsa, ɗan ɓangaren da ake sakawa a na'ura, yana tafiya a duk tsarin nan da muka lissafa. Amma a kwana huɗun da suka rage maka koyon Zabbix ma wani dutse ne, ga shi abin da Kawu ya gani ya so shi ne naka, saƙon nan gajere da ke zuwa waya da harshen da yake ganewa. Ka riƙe naka yanzu da psutil a ƙarƙashi, bayan Hajji in an sami sarari ka zauna ka gwada Zabbix a natse ka ga ko za ka mayar da manhajarka ta zama mai isar da saƙo kawai a samansa.

To mu dawo kan Kawu. Kar ka aika masa da saƙon murya a WhatsApp, kar kuma ka bi ta wajen Umma, in ka sa 'yar'uwarsa a tsakiya ka mayar da maganar aiki ta zama maganar gida, kuma zai ji ciwon cewa ba ka iya tunkararsa ba. Ka same shi shi kaɗai bayan isha'i, ka tafi da laftof mai Windows da manhajar na gudana a kai, ko da firosesa da memori da diski kawai take nunawa, ka cika diskin da gangan a gabansa ya ji wayarka ta yi ƙara. Sannan ka ce masa, Kawu ranar nan na yi gaggawar cewa sati biyu don kar in ba ka kunya a gaban baƙo, na shiga aikin na ga ya kasu uku, ga na risefshan ya tashi, ina son in gwada shi a kwamfuta ɗaya ta otal ɗin na sati guda kafin a saka wa sauran, rauta zan haɗa ta a satin nan ba tare da na taɓa cikinta ba, na Mac kuma akwai tambayar da za mu yi wa mudir da kuɗin da za a kashe. Kar ka tsawaita ban haƙuri, sau ɗaya ya isa, dattijo ɗan kasuwa abin da yake son ji shi ne me zan ce wa mutumin gobe, kuma ka ba shi abin faɗa mai kyau, za mu fara da risefshan da rauta, a hankali za mu bi saboda kar mu taɓa muku aiki. Wannan ba ƙarya a ciki kuma ba wanda ya zubar da girmansa.

Zai iya yin faɗa, ƙila ya ce ai kai ka ce sati biyu. Ka yi shiru ka karɓa, gaskiyarsa ce. Amma in ya huce ka roƙe shi abu ɗaya cikin ladabi, cewa nan gaba in abokin ciniki ya tambayi wa'adi a ba ka dama ka je ka ga na'urorin tukun, shi ma ai ba ya yanka farashin jan waya a bene mai hawa goma bai je ya ga ginin ba. Kuma tunda yanzu abin ya tashi daga wasan da kake yi da dare ya zama abin da kamfani ke sayarwa, ku yi maganar wa ke da manhajar, wa zai ɗauki waya in ta yi ƙara ƙarfe uku na dare, da ko akwai wani abu da za a riƙa ware maka a kai. Ba ranar nan ba, kar ka haɗa neman afuwa da neman ƙari a zama ɗaya, amma kar ka bar shi ya wuce Shawwal.

Maganar azumi kuma ka tsaya a kanta ko da Kawu ya matsa. Duk abin da bai zauna ya yi sati guda lafiya kafin ganin wata ba, a bar shi sai bayan salla, goman ƙarshe kam ko sabunta layi ɗaya kar ka yi a na'urar otal a Makka, ka fi ni sanin yadda risefshan ke zama a waɗannan kwanaki. In ka je otal ɗin gobe ka rubuto min wace Windows ce a kan kowace kwamfuta, bit 32 ce ko 64, wane antibairos suke da shi, da sigar pfSense ɗin, sai in gaya maka da wane Python za ka gina da yadda za ka naɗe sabis ɗin. Allah Ya ba da sa'a, ka gaida Kawu.